Rosarin Iya a Hannun Marka

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina, ku 'ya'yana. Ko ba a faɗa a gabanku ba, an faɗa kuna juya baya, a gidan biki da gidan makoki: ai Malama Monika ita ce ta zauna ta ƙaga wa ƙanwarta labari ta watsa wa duniya. Babu wanda ya taɓa tambayata a cikinku, kuma na san kunya ce ta hana ku, ba rashin son ji ba. To yanzu innarku Marka ta rasu, mijinta Malam Idi ya riga ta da shekara biyu, ni kuma gwiwa ta fara ƙin kai ni coci. Ba sauran wanda maganar za ta cuta sai ni. Shi ya sa na aika aka sayo mini wannan littafin rubutu na koma wa biro, don abin da zan faɗa muku ba na sawa a waya ba ne.

Shekarar da na ajiye alli ita ce ta biyu da rasuwar babanku. Duk kun watse, wannan Kano, wancan Kaduna, gida ya zama daga ni sai awaki. Macen da ta yi shekara talatin da biyar tana magana a gaban aji ba ta iya shiru ba, sai na mayar da ku ajina, ina kiran ku safe da yamma ina fassara muku karatun ranar Lahadi. Agnes ce ta fara gajiya. Da ta zo hutun Ista ta karɓi wayata ta yi ta danne-danne, sannan ta miƙo mini.

"Mama, ga shafi na buɗe miki a intanet. Duk wa'azin da ya taso miki ki zuba a nan duniya ta karanta, mu kuma kunnenmu ya huta."

"Wa zai karanta surutun tsohuwa daga ƙauyen Gwarzo?"

"Ke dai rubuta ki gani."

Na rubuta, na kuwa gani. Kowace Laraba bayan addu'ar safe sai in ja kujera zuwa gindin darbejiyar ƙofar gida, don nan ne kaɗai sabis ke kamawa, in yi ta tsintar haruffa da yatsa ɗaya. Ba wani zurfin ilimi nake zubawa ba. Abin da idona ya gani a mako nake faɗa: yadda Fada, limamin cocinmu, ke zuwa mana sau ɗaya a wata a kan babur, kayan Mas ɗinsa, wato babbar ibadarmu, a ƙunshe cikin leda saboda ruwa, yadda sauran ranakun Lahadi katikis, mataimakin Fada, ke jan mu addu'a, mu 'yan gidajen da ke cika ɗan cocinmu na ƙasa, yadda maƙwabciyata Musulma ke leƙo katanga ranar Juma'a cikin azuminmu ta ce, "Malama, yau fa ba nama." Sai ga mutane suna amsawa daga Jos, daga Zariya, daga Kafanchan, har da wata Sista mai hidimar coci da ta ce daga Turai take karantawa tana hawayen kewar gida. Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Yara sun yi shekaru suna gyangyaɗi ina magana, yau ga manya suna cewa a ƙaro. Na kai inda in ina durƙushe a coci, rabin hankalina na kan addu'a, rabi yana tsara yadda zan ba da labarinta ranar Laraba. Kuma a tunanina intanet wani gari ne can mai nisa. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa wayar da ke hannun mutumin Jos, irinta ce a aljihun mai shayin Kabo.

Bari in koma baya kaɗan saboda ƙananan cikinku. Marka ita ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya, an haife ta tsakiyar damina ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, daga nan sunan ya samo. Rana ɗaya aka yi mana baftisma. Da ta girma ta haɗu da Idi, a lokacin yana ɗalibin ilimi yana ɗan kasa turare a kasuwa, suka so juna, ta musulunta da ƙafarta ba wanda ya ja ta. Kakanku ya yi shekara bakwai bai amsa gaisuwarta ba. Iya kuwa, kakarku, ba ta fasa ƙulla daddawa da kuka ta taka har Masanawa, garin Idi a ƙasar Kabo, ba, ta ce ita ba ta haifi addini ba, 'ya ta haifa. Da Marka ta musulunta sai aka sa mata Hauwa'u, sunan mahaifiyar Idi, don a girmama ta. To amma kun san gidan Bahaushe. Tunda sunan uwar miji ne, babu mai iya buɗe baki ya kira shi a gidan, daga mijin har ƙannensa har 'ya'yan da aka haifa daga baya. Sai Marka ya ci gaba da zama sunanta. Idi ya zama Malam Idi, limamin masallacin unguwarsu, ita ta je Makka ta dawo, matan unguwa suna zuwa ɗaukar karatu a wajenta. Hauwa'u na katin zaɓe ne da fasfo. Ni da ita kuwa ba abin da ya taɓa shiga tsakaninmu. Ita kaɗai ce a duniya ke iya ce mini in yi shiru, in yi.

A ɗakina Iya ta yi jinyar ƙarshe. Marka ta zo ta yi mako biyu tare da mu, tana shimfiɗa dardumarta a lungu in lokacin salla ya yi, Iya na kwance tana jan rosarinta, wato carbinmu na Katolika, kowa da nasa ba mai takura wa wani. Ranar da abin zai faru, bayan azahar numfashin Iya ya sauya. Na ce ba za ta tafi ba a shafa mata man marasa lafiya ba. Wayar Fada ta ƙi shiga, na hau acaɓa na nufi Gwarzo neman sa. Kafin mu iso wajen la'asar, Iya ta cika. Wannan ya daɗe yana ci na, cewa na bar uwata na tafi neman Fada. Kwana uku bayan binnewa muna wanke tukwane a bayan ɗaki, Marka ta ga ina kuka a kan haka, sai ta ajiye soso.

"Yaya, zan gaya miki wani abu ko zuciyarki ta yi sanyi. Amma kada ya wuce nan."

Na ce ina ji.

"Bayan fitarki ta yi ta lalube a ƙarƙashin filo. Na san abin da take nema, na ciro na sa mata a hannu. Yatsun suka ƙi. Leɓe na motsi, ƙwaya ba ta tafiya, sai ta ɗago ido ta dube ni. Wallahi Yaya ban iya jure wannan kallon ba. Na ɗora hannuna a kan nata. In ta kai ƙarshen addu'a ta numfasa, sai in tura mata ƙwaya ɗaya. Ni ban furta komai ba, nawa nake yi a zuci. Mun ci goma uku, a cikin ta huɗu ta tsaya. Hannunta na cikin nawa."

Shekara uku na riƙe wannan magana, kuma ita ce ta warkar da ni. Sai watan Nuwamba ya zo, watan da muke yi wa matattu addu'a. Laraba ta yi ban da abin rubutawa, ga shi rubutun makon jiya bai samu masu amsawa sosai ba, abin yana yi mini ciwo. Zan so in ce muku Ruhu Mai Tsarki ne ya tura ni, amma son a yaba ne. Na ce ai labari ne mai kyau, zai nuna wa duniya yadda muke zaune da 'yan'uwanmu. Na tuna da alkawari, sai na yi wa kaina dabara: zan ɓoye sunanta. Na cire Hauwa'u na sa Marka. Ku dubi wautar malamar makaranta! Shekara talatin da biyar ina kiran rajista, a wajena sunan mutum shi ne wanda ke kan takarda, na gida kuwa laƙabi ne kawai. Na ɓoye sunan da ba wanda ya sani, na baje wanda daga Masanawa har Kabo in ka faɗe shi kowa zai nuna maka gidan liman. Har na ƙara da cewa matar wani limami ce a ƙasar Kabo, don labarin ya ƙara armashi. Na dai rubuta ƙarara cewa ba ta furta ko kalma ɗaya ba. Ba a taɓa karanta rubutuna kamar wannan ba, kwana biyu ina yawo a tsakar gida ina murmushi ni kaɗai.

Ranar Asabar da hantsi Nasiru ya zo, babban ɗan Marka, magidanci mai shagon taki a Kabo. Shi ne wanda in ya shigo tun daga zaure yake kiran a fito masa da fura kafin ya kai ƙara wajen Fada. Ran nan ya yi sallama a hankali, ya gaishe ni a taƙaice, ya ƙi zama a kujera ya tsuguna. Ya ciro wayarsa ya miƙo mini. Rubutuna ne, an ɗauki hotonsa an jefa a guruf ɗin 'yan garinsu, a sama wani ya ƙara nasa: matar liman tana jan carbin Kirista.

"Inna, wannan mai sauƙi ne. Akwai wanda ya yi murya ya tura, ya ce Umma ta daɗe da komawa addinin iyayenta a ɓoye. Tun shekaranjiya mata ba su zo karatu ba. Jiya da magariba mutum shida suka fita daga sahu, suka ce ba sa bin Malam."

"Yanzu zan goge," na ce.

"Ki goge naki. Na wayoyin mutane fa?"

Ya ce dattawan unguwa sun rabu biyu, wasu na cewa ko dai Malam ya sake ta, ko ya sauka daga limanci. An sa zama ranar Talata bayan la'asar, kuma Malam ya ce in zo. Sai Nasiru ya matso ya rage murya duk da ba kowa a gidan sai awaki.

"Hanya ɗaya na gani, Inna. Ki ce ƙagawa kika yi. Ki ce labari ne kika shirya don masu karatu. Za a zage ki kwana biyu a manta, Umma kuma ta zauna a ɗakinta."

"Malam ne ya aiko ka da wannan?"

"A'a. Malam cewa ya yi kawai ki zo. Wannan tawa ce."

"Ita fa, me ta ce?"

"Umma ba ta magana da kowa."

Na ji amsar nan da kunnena, cewa ba Malam ne ya aiko shi ba, amma tsoro bai bar ta ta shiga kaina ba. Kwana ukun nan ban taɓa ganin irinsu ba. Ni na isa in tuna lokutan da magana ɗaya ta tayar da gari, har muka kwashe ku kuna ƙanana muka ɓuya a cikin dawa, ina toshe bakin Agnes da gefen zanena. Duk wannan ya dawo mini sabo. In babur ya rage gudu a ƙofar gida sai in tsaya cak har ya wuce. Maƙwabciyata ba ta leƙo katanga ba, na ce shi ke nan ita ma ta juya mini baya, ashe jikarta ce ke kwance da zazzaɓi. Na kira wayar Marka har na daina ƙirgawa, a kashe. Ranar Lahadi na shiga coci na ga ido a kaina, bencin da na saba zama ya yi fili. Bayan an tashi katikis ya ja ni gefe, dattijon da bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Malama, mu nan 'yan kaɗan ne. Tun kakanni muke zaune da mutanen nan lafiya, kuma ba da waya muka samu hakan ba. Ki san yadda za ki kashe wannan magana."

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Marka. In na rufe ido sai in gan ta a ƙofar gidana da akwati, mace mai jikoki, ta baro ɗakin da ta yi shekara arba'in a ciki, ɗakin da ta jure fushin ubanta saboda shi, kuma ni ce na fitar da ita da yatsa ɗaya. Na ɗauko rosarina in yi addu'a, na kasa kai goma ɗaya. Ina da lambar Fada. Sau biyu na nemo ta na ajiye wayar, don na san abin da zai ce mini, ni kuma ba shi nake so in ji ba. Na riga na yanke shawara tun Nasiru bai tayar da babur ɗinsa ba, sauran kwanakin neman hujja kawai nake yi. Na gaya wa kaina ƙaryar da za ta ceci aure ai ba ƙarya ba ce, kuma ni da na ɓata ni ya kamata in ɗauki zagin. Har na fara jin kamar wata sadaukarwa zan yi.

Ranar Talata na hau acaɓa. Ana tsakiyar yankan dawa, amalanke sai wucewa suke da dammuna, mutane na ɗaga hannu suna gaisuwa kamar kullum, ni kuwa kowace gaisuwa sai in ji kamar nuna ni ake yi. A ƙofar gidan Malam na tarar da samari tsaitsaye a jikin bango, suka yi shiru da na sauka. A zaure Malam Idi na zaune a kan buzunsa, dattawa huɗu a gefe, Nasiru a bakin ƙofa. An shimfiɗa mini tabarma ni kaɗai. Ƙofar da ke shiga cikin gida an sake mata labule, a ƙasansa na hango yatsun ƙafa, na kuma san ko na wane ne. Aka yi gaisuwa mai tsawo, gida, gajiya, kaka, jikoki, ina amsawa. Sannan Malam ya gyara zama.

"Malama, ba shari'a muka kira ki ba. Ke yayarmu ce. Ke kika rubuta, shi ya sa muke so mu ji daga bakinki. Ki faɗi abin da ya faru yadda ya faru, kada ki ji tsoron kowa a nan."

Wani dattijo mai jan gemu ya karɓi waya ya fara karanta rubutuna da ƙarfi. Kalmomin da na yi ta alfahari da su, da na ji su a bakinsa sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Yana kaiwa wajen ƙwaya sai aka yi wata hayaniya a waje. Daga baya na ji ashe akuya ce ta ture wa wani babur. Ni dai a lokacin na ɗauka an fara. Ban jira ya ƙarasa ba.

"Ƙagawa na yi."

Mai karatun ya tsaya, na ci gaba.

"Ƙarya ce na shirya don a karanta. Marka ko rosarin ba ta taɓa ba." Da na ga suna kallona kamar ba su gamsu ba, sai na ƙara abin da ko Nasiru bai sa ni ba. "Ba ta ma cikin ɗakin. Tana madafi tana dama kunu. Na dawo na tarar Iya ta cika ita kaɗai."

"Kin rantse?" in ji mai jan gemu.

"Allah ne shaidata."

Na faɗe ta, ni da nake karɓar Jibin Ubangiji a coci duk zuwan Fada. Suka wanke ni tas. Tsohuwa da ke, malamar makaranta, wadda ta koyar da 'ya'yanmu, ki rasa wanda za ki yi wa ƙage sai 'yar'uwarki? Na sunkuyar da kai ina ba da haƙuri. Suka ce in rubuta a shafin yanzu a gabansu, na rubuta, Nasiru ya ɗauki hoto ya tura. Aka yi addu'a aka shafa, suka fita suna cewa Allah ya wanke Hajiya. Samarin waje suka watse. In gaya muku gaskiya, wani sanyi na ji ya sauko mini, na ce na ceci ƙanwata. Na yunƙura zan tashi, Malam ya ce in ɗan dakata, ya sallami Nasiru. Sannan ya dube ni.

"Malama, me ya sa?"

Na ce don kada a raba su.

"Wa zai raba mu? Ranar da ta dawo daga makoki, ko jakarta ba ta ajiye ba ta gaya mini duka. Na ce Allah ya yi mata albarka. Ba ta furta ba, ba ta ƙudurta ba, hannun uwarta ta riƙe, kuma an umarce mu da kyautata wa iyaye ko wane addini suke bi." Ya ɗaga gefen buzun, sai ga littattafai uku da 'yan takardu a soke a cikinsu. "Kwana uku ina shirya abin da zan karanta musu. In sun karɓa, to. In sun ƙi, in miƙa musu limancinsu, gona tana nan. Matata ba inda za ta. Abu ɗaya nake nema a wajenki, ki ce haka aka yi."

"To a kira su, Malam, in gyara."

"Kin rantse a gaban jama'a. In aka dawo da su yanzu, kin zama mai rantsuwa a kan ƙarya, abin ya bar kan matata ya koma kanki da mutanen cocinku. Ba zan yi wannan ba. Shiga ki gan ta."

Ban san yadda na ratsa tsakar gidan ba. Na same ta zaune a bakin gado, sanye da babban mayafinta na fita unguwa, takalmi a ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a gabanta, ni yayarta, na fara ba da haƙuri a kan alkawarin da na karya.

"Wannan na yafe tun ranar Asabar," ta ce. "Na san bakinki, ba yau na fara saninsa ba. Tun azahar na shirya nake tsaye a bayan labulen nan. Jira nake ki ce haka ne, in ɗaga in shigo in ce ni ce, na riƙe, uwata ce, kuma gobe ma in ta dawo zan riƙe. Shekara arba'in ana ce mini wadda ta bar gidansu. Yau kaɗai na so a san ban bar uwata ba."

"Tsoro na ji, Marka. Tsoron kada a fitar da ke."

"Sai ki tambaye ni ko ni ina jin tsoron. Ko ki tambayi Malam." Ta cire mayafin ta ninke a hankali ta ajiye. "Da kin tsaya a ban taɓa rosari ba, da na haƙura. Amma kin gaya wa gari uwata na mutuwa ina madafi ina dama kunu."

Ban sake rubutu a shafin ba. Da Fada ya zo na furta zunubina, ya ce an gafarta mini, amma in nemi hanyar gyara abin da na ɓata. Na ce to. Kowace shekara sai in ce bari ƙura ta ƙara lafawa. Mata suka koma karatu wajen Marka, Malam ya ci gaba da limanci har ƙarfinsa ya ƙare, zumunci bai yanke ba, kuna gani da Salla tana aiko mana da nama, da Kirsimeti ina aika mata da shinkafa. In na je ta tarbe ni da fara'a, mu yi hirar jikoki da tsadar taki. Sai dai ba ta ƙara ajiye abin da ke hannunta ta ce za ta gaya mini wani abu ba.

Shekara shida ta yi bayan wannan. Ranar sadakar ukunta ina zaune a tsakar gidan cikin mata, wasu biyu a bayana suna hira ƙasa-ƙasa, ba su gane ni ba. Ɗaya ta ce Hajiya Marka baiwar Allah ce, ba ta taɓa ɓata wa kowa ba. Ɗayar ta ce haka ne, Allah ya jiƙanta, sai dai an ce uwarta na cikawa tana madafi, tsohuwar ita kaɗai ta mutu. Malam ba ya raye, Marka na kabari, duk duniya ni kaɗai na rage da zan iya juyawa in ce ba haka ba ne. Na ji su sarai. Na dubi yawan mutanen da ke gidan, na ji gabana ya faɗi kamar ran nan a zaure, na gyara mayafina ban ce komai ba.